Sensar oksijin ta Camry 2008: in ɗaura da kaina ko in bar wa gareji?

Mai Muscle:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Camry ce 2008, wadda ake ce wa Muscle, mai silinda 4, injin 2.4. Wutar cek ta kama, an jona mata kwamfuta ta nuna P0031 kaɗai. Shan mai ya ƙaru sosai. A gareji sun ce sensar oksijin ta sama ce, in kawo dubu 45 su saka 'yar Beljiyam har da kuɗin aiki, amma sai motar ta kwana a wurinsu. Akwai jak da sufanu da mitar gwada wuta a gida. In sayi sabuwa in ɗaura da kaina ran Asabar, ko in bar musu? In da kaina ne, me zan kiyaye kada in ɓata wani abu?

Direban Zariya:
Wa alaikumus salam. Kada ka kashe ko sisi. Ciro ta, ka jiƙa bakinta a fetur ta kwana, da safe ka goge da burushi ka mayar. Hayaƙi ne ya toshe ta.

Ɗan Wayarin:
Malam Direba, duba lambar da ya rubuta. P0031 ba maganar datti ba ce, maganar hita ce. A cikin sensar akwai wata 'yar waya mai dumama ta don ta fara aiki da wuri, ƙwaƙwalwar mota kuma ta ga wutar da ke bi ta nan ta yi ƙasa. Wayar da ta tsinke a ciki, ko wata guda ta yi a fetur ba za ta haɗe ba.

Mai Muscle, kafin ka sayi komai ka yi gwaji, tunda kana da mita. Buɗe bonet, za ka gan ta tsaye a kan manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi a gaban injin, bayan lagireto. Injin a sanye, makulli a kashe, zare soket ɗinta. Wayoyi 4 ne. In Denso ce, biyu baƙaƙe su ne na hita, sai shuɗiya da fara. Sa mita a kan om ka taɓa baƙaƙen nan biyu ta ɓangaren sensar. Ya kamata ka ga tsakanin 1.8 da 3.4. In mitar ba ta motsa ba sam, hitar ta mutu, sai canji. In ta nuna daidai, to sensar ba ta da laifi: koma ɗaya ɓangaren soket ɗin ka nemi wuta volt 12 da makulli a kunne, ka duba fiyus da rile, ka bi wayar da hannu ko ɓera ya ci ko ta narke a jikin salansa. Da yawa sukan sayi sabuwa, wutar ta dawo washegari, ashe fiyus ne.

Hajiya Mai Sienna:
Sai ka shiga ƙarƙashin mota fa, kuma wadda ke bayan injin hannu ba ya kai mata sai an sha wuya. Guda 4 ne, in za ka canza ka canza su duka lokaci ɗaya ka huta.

Ɗan Wayarin:
Ranki ya daɗe, wannan na mai silinda 6 ne irin taki. Tasa biyu ce kawai, ta sama da ta ƙasa, kuma ta saman ko jak ba ya buƙata.

Injiniya:
Abin da zai fi cin kuɗinka shi ne sayen wadda ba ita ba. Ta sama a wannan injin ba sensar oksijin ta gargajiya ba ce wadda ke lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9. Mai auna haɗin iska da mai ce, a kwamfutar Toyota tana zama wajen 3.3. A ido kusan iri ɗaya suke da ta ƙasa, zarensu ɗaya, sufana ɗaya ke kwance su, shi ya sa ake haɗa mutane da su. Duba lambar da aka buga a jikinta: ta sama tana farawa da 89467, ta ƙasa da 89465. Hitar ta ƙasa ma tana nuna om 11 zuwa 16, to in mai shago ya miƙo maka wata ka gwada ka ga 13, mayar masa. Sannan motocin da aka yi wa California lambarsu ta bambanta da ta sauran Amurka, don haka je da lambar shasi mai harafi 17, ko ka ɗauki hoton lambar tsohuwar da soket ɗinta. Wadda ake ce wa mai shiga kowace mota, wadda ake yanke waya a haɗa, kada ka kusance ta a wannan gurbin.

Mai Muscle:
Na gode. Nawa ake samun sabuwa ta gaske yanzu?

Direban Zariya:
Dubu 12 sabuwa fil a kwali.

Oga Sifiya:
Dubu 12 kuɗin kwalin ne, Malam. Denso ta asali ba ta sauka ƙasa da dubu 80 ba a wurinmu, 'yar Beljiyam mai kyau 25 zuwa 30.

Injiniya:
An faɗa min 60 a Ƙofar Ruwa, wani kuma ya ce a Panteka an nemi 110 a hannunsa.

Na Maraɗi:
A nan jika 20 na sefa ake ba da ta hannu. Ku lissafa da kanku, ni canjin naira ya daina shiga kaina.

Oga Sifiya:
Bambancin ba na kasuwa ba ne kawai, na kaya ne. Jabu tana zuwa da kwali mai kyau, amma rubutun jikinta bai nutse ba, rigar wayar tana da laushi, soket ɗin kuma ba ya yin ƙas in ka tura. Takan yi sati biyu lafiya sannan ta jefo P2195 ko P2196. 'Yar Beljiyam ta asali ta fi sabuwar jabu sau goma, sharaɗi ka gwada hitarta a gaban mai shago, kuma ka kalli bakinta. Fari kamar an barbaɗa alli, an kashe ta da gam ɗin silikon ko ruwan lagireto. Baƙi mai maiƙo, ta fito daga injin da ke shan baƙin mai. Toka-toka mai haske ita ake nema.

Baban Gareji:
Duk kuna ta maganar farashi, ba wanda ya kula da inda yaron nan ya ce motar za ta kwana. Aikin minti 30 me zai kwanar da mota?

Bari ku ji yadda aka yi da wata Camry irin wannan da aka jawo mana. Ta wani malamin makaranta ce, shi ma sensar sama kawai ya je canzawa wani wuri. Yaran suka kama ta injin a sanye ƙarara, ba su zuba mata komai ba, suka sa sufana mai buɗaɗɗen baki suka ƙara bututu. Kan ya murje. Suka sa filaya, suka sa guduma da kurfi, daga ƙarshe ta fito da zaren manifol ɗin a jikinta. Maimakon su kira mai mota su faɗa masa, sai suka kira mai walda ya liƙe sabuwar a ramin. Zafin walda ya dafa ta tun kafin a tada injin. Don su yi waldar kuma sai da suka sauke manifol, to a wannan injin indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin wata tukunya, na cikin manifol ɗin ne, ƙasa kaɗan da sensar. Da safe aka miƙa wa bawan Allah makulli, an cire kan batir an goge wuta. Kwana biyu wuta ta dawo, ga ƙara kamar ta gwangwani, ga warin hayaƙi har cikin mota. Da muka sauke muka haska tocila, tukunyar fayau, an fasa an kwashe. Ya koma can, suka rantse haka motar ta zo. Ba shaida, ba rasit, ba hoto. Mutumin da ya fita gyaran dubu 40 sai ga shi yana neman manifol sukutum, albashinsa na wata bai kai ba. Motar ta yi wata 3 a ajiye, yana hawa acaɓa zuwa makaranta.

Ɗan Kwana Casa'in:
Indomin nan da ƙwai suka ci ko haka nan gaya?

Baban Gareji:
Yi dariyarka, ɗana. Akwai filatinam da faladiyam da rodiyam a cikin abin nan, masu saye na zagaya garejoji da sikeli.

Hajiya Mai Sienna:
Innalillahi. To Baba ta yaya mutum zai gane an kwashe masa?

Baban Gareji:
Ƙarar mota takan canza, ta zama fanko. Hayaƙi na yin yaji a ido. Duba notocin manifol da na salansa, in kin ga sabon gurzawa a kansu ko sabuwar walda a jikin tukunya, an taɓa. A kwamfuta kuma P0420 za ta fito, sensar ƙasa da ya kamata ta zauna kusan wuri ɗaya sai ki ga tana hawa da sauka.

Mai Muscle:
Baba Allah ya kiyaye. Amma har yanzu ba a faɗa min yadda zan kwance tawa ba tare da na cinye zaren ba.

Injiniya:
Ran Juma'a da dare fesa man kwance tsatsa a gindinta, inda ta haɗu da manifol. Da safe tada injin minti 2 ko 3 kawai, ya yi ɗumi ba zafi ba, ka kashe ka zare makulli saboda fankar lagireto na kusa da hannunka. Zare soket ɗin waya tukuna, ka fitar da wayar daga maƙalanta, in ba haka ba za ta murɗe. Sa soket na musamman mai tsaga a gefe, lamba 22, ka juya hagu. Sabuwar kuma ɗaure ta da ma'aunin ɗauri a kan Nm 44.

Baban Gareji:
Injiniya, wannan na littafi ne. Soket mai tsaga yana buɗe baki in abu ya ciza, shi ke murje kai. Kuma wa ke da ma'aunin ɗauri a gida? Yaro, in ka tabbatar tsohuwar ta mutu kuma sabuwar na hannunka ka gwada soket ɗinta ya shiga, datse wayar tsohuwar ka zura ring 22 ya zauna sosai. Kada ka ja a hankali, buga ƙarshen sufanar da tafin hannu sau ɗaya mai ƙarfi. In ta motsa ta sake cijewa, tsaya. Mayar da ita dama kaɗan, ƙara fesa mai, dawo hagu, haka gaba da baya har ta saki. Wanda ya ce sai ya fitar da ita a juyi ɗaya shi ke fitowa da zare. In ramin ya ɗan ci, akwai abin gyaran zare mai lamba 18 da 1.5, shafa masa giris ya kwaso ɓarɓashin kada ya faɗa kan indomi.

Sabuwar da yatsu za ka fara ɗaura ta, ta yi zagaye 3 ko 4 ba gardama. In ta cije a na farko ta karkace, fito da ita. In wosha ta zauna, ƙara rabin juyi da sufana. 'Yar Beljiyam woshar ta riga ta matse, ɗan kaɗan za ka ƙara. Sabuwa takan zo da man zare a jikinta ko a 'yar leda. A zare kawai, kada ya taɓa bakin. Kuma in ta faɗi ƙasa a kan siminti, tangaran ɗin ciki na iya tsagewa ba ka gani ba.

Injiniya:
Baba, da girmamawa, "ɗan kaɗan" ɗin nan ne ya cika garejoji da manifol masu walda. Lamba ba ta ƙarya.

Baban Gareji:
Lamba ba ta taɓa riƙe sufana ba.

Oga Sifiya:
Ku biyun duk a wurina kuke sayen kaya, ku yi haƙuri da juna.

Ɗan Wayarin:
In ka gama, mayar da wayar cikin maƙalanta nesa da salansa da fanka. Goge lambar da kwamfuta ya fi cire kan batir, don cire batir na sa motar ta manta silo, ta yi ta rawa kafin ta daidaita. Ko ba ka goge ba, in gyaran ya yi wutar kan mutu da kanta bayan tafiya 3 lafiya a jere.

Ɗan Kwana Casa'in:
Ko ka manna baƙin salatif a kan wutar, naira 200, ba ta ƙara damunka.

Direban Zariya:
Ni fa ban yarda sensa ce ke sha masa mai ba. Fetur ɗin ne. Tun da aka cire tallafi a 2023 lita ba ta kai lita, ka sayi 20 allura ta nuna 15.

Injiniya:
In hita ta mutu ƙwaƙwalwa na daina sauraron sensar, ta koma zuba mai da ƙiyasi, kuma ƙiyasin ya fi karkata ga yawa. Amma Mai Muscle, duba ko tamostat na nan. Nata na buɗewa wajen digiri 82. In an cire shi an haɗa fanka kai tsaye, injin ba ya kai zafinsa da wuri, ko sensar zinare ka saka mai zai ci gaba da tafiya.

Baban Gareji:
A zafin Afrilu na Sakkwato ka bar tamostat ka gani.

Injiniya:
Motocin nan suna yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu, Baba. Lagireto ne ke toshewa da ruwan rijiya, sai a ɗora wa tamostat laifi.

Hajiya Mai Sienna:
Wai ni tawa fankar tana tashi da zarar na murɗa makulli. Kenan an cire min ba a faɗa min ba?

Mai Muscle:
Na gwada yanzu, baƙaƙen wayoyin ba su nuna komai ba, mitar ko motsi. Oga Sifiya, ta dubu 80 ɗin akwai ragi?

Na Maraɗi:
Hajiya, da safe ki tada mota ki riƙe babban tiyon lagireto na sama. In ya fara ɗumi tun minti 1 ko 2, babu tamostat a ciki. Ki tambaye su kuma ina suka kai wanda suka cire, don shi ma sayar da shi ake yi.