Mota ba garkuwa a bayan kai, zan ɗauki bututun ƙarfe: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi. Ban daɗe da komawa tirela mai buɗaɗɗen baya a nan Amurka ba. Motar da aka ba ni babu garkuwar ƙarfen nan da ake kafawa a bayan kan mota, ita ma tirelar ba bango a gabanta. Lodin da zan ɗauka bututun ƙarfe ne, tsawo ƙafa 40, nauyi fam 40,000. Maigida ya ce doka ba ta tilasta garkuwa ba. Gaskiya ne? Kuma ɗauri nawa zan yi? Hankalina bai kwanta ba wallahi.

Amsar wani tsohon direba:

Wa alaikumus salam ƙanena. Maigidanka bai yi ƙarya ba. Tun da dokokin ɗaurin kaya na FMCSA, hukumar da ke kula da tsaron manyan motoci a Amurka, suka fara aiki a Janairun 2004, ba dole ba ne a sa garkuwa. Sai dai rashinta na ƙara maka ɗauri. Kayan da babu abin da ya tare su ta gaba, ɗauri 2 ne a ƙafa 10 na farko, sannan 1 a kowace ƙafa 10 da ta biyo baya. Naka 5 ke nan. Da a jingine suke da bangon gaba, 4 ya isa.

Sai lissafin ƙarfi. Haɗa adadin nauyin da aka rubuta a jikin kowane bel ko sarƙa da ya ratsa kan kayan daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, wato nauyin da zai iya riƙewa, jimilla ta kai rabin nauyin kaya, wato fam 20,000. Bel mai faɗin inci 4 galibi fam 5,400 ne a jikinsa, amma in tambarin ya goge, 4,000 za a lissafa maka.

Amsar wani kuma:

Yaya ya faɗi doka, ni kuma bututun nake tsoro. Santsi gare shi, wani ma da maiƙo yake fitowa daga masana'anta. Bel ɗin da ka ɗora a sama na waje kawai yake dannewa. Ranar da ka taka birkin gaggawa, na tsakiya ne ke zarewa kamar kibiya, kuma bayanka ya nufa. Doka kanta ta ce ɗauri ya iya riƙe turin gaba da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya, kuma ɗauri 5 a kan ƙarfe mai santsi ba lallai ya ba ka haka ba. Ka sa katako tsakanin jeri da jeri, ka ɗaure jerin ƙasa daban, ka naɗe damin gaba ɗaya a gaba da baya. Sannan ka jera katakai a gaban kayan ka ɗaure su da sarƙa su zama shinge. Ni kam ba na tashi da ƙasa da ɗauri 8 a irin wannan lodi.

Amsa ta uku:

Malam, ko an sa maka garkuwa kada ka dogara da ita. Da yawansu na alminiyam ne, sun fi amfani wajen rataye sarƙoƙi. Ka nemi a sa, amma ɗaurin ne ke tsare ka.

Tsohon direban ya ƙara:

Kada ka manta da dubawa. Ka tsaya cikin mil 50 na farko ka ƙara matsewa, don bututu na zama bayan an fara tafiya. Daga nan duk awa 3 ko mil 150, wanda ya riga zuwa. Allah ya kiyaye hanya.

Mai tambaya:

Amin Yaya, na gode muku duka. Gobe zan nemi katakan shingen kafin su fara lodi.