Za mu kai Hajiya Misira a Disamba: in biya ejan kuɗin yawo ko mu yi da kanmu?

Baban Ummi, Agege

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Alƙahira. Idan Allah ya yarda, a hutun makaranta na Disamba zan tafi da mahaifiyata da mai ɗakina da yara biyu, kwana shida za mu yi. An gama da tikiti da biza da masauki, saura yawon gari. Ejan ɗin da ya yi mana biza ya ce in ƙara masa dala 900, zai haɗa mu da mota da direba da ɗan jagora na kwana huɗu, su kai mu Giza, wurin dalar Fir'auna, da gidan tarihi da kasuwar Khan el-Khalili, sannan mu ci abincin dare a jirgin ruwa a kan kogin Nilu. Hajiya ta haura shekara saba'in, tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya ko hawa bene, kuma burinta biyu ne kawai: ta yi salla a masallacin Azhar, ta kuma ga gawar Fir'auna da idonta. Shin in biya wannan kuɗi don ta samu sauƙi, ko za mu iya da kanmu ba tare da an cuce mu ba?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12

Wa alaikumus salam. Da ni ne, da na haɗa kuɗin nan gaba ɗaya na kai Hajiya Umara. Amma tunda an riga an yanki tikiti, kada ka ba ejan ko sisi. Mutumin da ya shekara ashirin yana ciniki a Idumota da Balogun, ya saba da 'yan tashar Oshodi, babu Balaraben da zai yi masa wayo.

Abu Sadiƙ, Idi-Araba

Alhaji, da irin wannan tunanin na tafi a 2022, kuma shi ne ya kayar da ni. A Legas ka san fuskar macuci tun daga nesa, domin da tsawa yake zuwa. Na can da sallama yake zuwa, da murmushi, da ambaton Annabi.

Direban tasi muka ɗauka a ƙofar otal, ni da iyalina. Da ya ji daga Najeriya muke, sai ya dafa ƙirji ya ce mu 'yan'uwansa ne a Musulunci, ba zai bari kowa ya zalunce mu ba. Da muka kusa Giza bai bi ta ƙofar da ake sayar da tikiti ba. Wani lungu ya shiga mai warin kashin dawaki, ya ce an hana motoci shiga a ranar, kuma wurin yana da faɗin da ba a iya zagawa sai a kan doki ko raƙumi. Daga baya na gane ƙarya ce, domin da muka shiga mun ga mutane suna tafiya da ƙafa abinsu. Muka yi ciniki da mai raƙuma a kan ɗari biyu, ya sallama, muka hau. Sai da ya ja mu cikin rairayi, inda babu kowa sai mu da shi da yaronsa, ya tsaya ya ce ɗari biyun na kowane mutum ne, kuma dala yake nufi, ba fam ɗin Misira ba. Na ce ya sauke mu. Ya saki akala ya koma gefe yana danna waya. A Illela na tashi cikin raƙuma, amma raƙumin wani ba ya durƙusawa sai da muryar mai shi. Matata tana can sama ta ƙanƙame sirdi tana kuka, rana tana dukanmu, ni kuma ba na jin Larabcinsu. Dala 150 na ba shi kafin ya sa raƙuman suka durƙusa.

Ban gama farfaɗowa ba direban ya ce zai kai mu gidan tarihi na gwamnati don ya wanke mana zuciya. Ashe shagon turare ne. Aka zaunar da mu a kan kujeru masu laushi, aka kawo shayi mai na'ana'a a ƙananan kofuna, aka yi ta shafa mana almiski a bayan hannu har muka daina bambance ƙamshi. Wanda ya sha shayin mutum yana jin nauyin fita hannu wofi. Kwalba shida muka saya. Da muka dawo Legas muka buɗe don rabon tsaraba, sai muka tarar yawancinsa mai ne, ƙamshin ba ya kai minti goma a jikin tufa. A ranar nan kusan dala 400 ta tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne har muka bar ƙasar matata ba ta sake yarda ta fita daga otal ba.

Malam Abu Maryam, Obalende

Allah ya mayar maka da alheri, Abu Sadiƙ. Na zauna a Alƙahira daga 2011 zuwa 2017 ina karatu, don haka bari in gyara wani abu da zai iya ɓata wa Hajiya tafiyarta. Ka tambayi ejan ɗinka wane gidan tarihi yake nufi. Gawarwakin sarakunan ba sa tsohon gidan da ke dandalin Tahrir. A watan Afrilun 2021 an kwashe guda 22 zuwa gidan tarihin wayewar Misira da ke Fusɗaɗ, har da ta Ramsis na Biyu, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne Fir'aunan Annabi Musa, ko da yake masana sun yi saɓani a kan hakan. Sabon babban gidan da ke kusa da Giza shi ma wani wuri ne daban. Idan aka kai ku wanda ba shi ba, kun biya kuɗi kuma Hajiya ba ta ga abin da ta zo gani ba.

Masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, ba a biyan kuɗin shiga, masallaci ne kamar kowane. Na Sayyidina Husaini yana tsallaken titi, kasuwar kuma tana manne da shi. A Fusɗaɗ ɗin nan akwai masallacin Amru bin Asi, kuma kabarin Imamu Shafi'i ba shi da nisa sosai daga nan. Duk waɗannan ba sa bukatar jagora. Ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana da arha, akwai taragun mata zalla. Raƙumi kuwa ban taɓa biyan fiye da fam 50 ba.

Maman Walida, Ajah

Allah ya gafarta Malam, maganarka a kan gidan tarihi gaskiya ce, amma farashinka ya tsufa. Lokacin da ka baro ƙasar ana canja dala ɗaya a kan fam 18 ko kusa da haka. Tun da suka saki kuɗinsu a watan Maris na 2024 ta koma wajen 50. Ni sau biyu nake zuwa a shekara sarin abaya da kayan yara. Bara na kai 'yata Giza, fam 500 na biya na hawa raƙumi rabin awa, kuma sai da na rubuta adadin a wayata, na sa kalmar fam ɗin Misira, na nuna masa, na ce hawa da sauka ne, kuɗi kuma sai ƙafarmu ta taɓa ƙasa.

Sannan ta yaya za a ce tsohuwa mai ciwon gwiwa ta sauka matakalar jirgin ƙasa cikin wannan turereniya? Ku kira Uber, kuɗin yana rubuce kafin ku shiga, babu ciniki. Ku tafi da katin banki mai aiki a waje, domin a manyan wuraren tarihi yanzu da kati ake sayen tikiti, kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa a hukumance, wannan ba cuta ba ce. Khan el-Khalili ku je kallo kawai. Abin da za a ce maka ɗari a can, a kasuwar Ataba ko Muski za ka same shi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Jirgin ruwan dare kuma ka soke shi. Akwai mai rawa da take fitowa ciki a buɗe a tsakiyar cin abinci, kuma jirgi yana tsakiyar kogi, babu hanyar fita. Ba wurin da mutum zai zauna da mahaifiyarsa ba ne.

Ɗan Zango, Oko-Oba

Fam 500? Ni 1,500 na biya a wannan shekarar, har na yi wa mutumin godiya domin da 3,000 ya fara. Abin da na fi nadama shi ne shiga cikin babbar dalar Fir'auna. Tikitinsa daban ne, za ka yi ta hawa a duƙe cikin wani siririn rami mai zafi, mutane suna gaba suna baya, ka isa wani ɗaki babu komai sai akwatin dutse wanda babu kowa a ciki. Daga waje ginin ya isa abin mamaki, mutum ya tsaya a gindinsa ya tuna ya kai shekara 4,500 a tsaye. Na ciki kam asarar numfashi ce.

Na Canji, Allen

Baban Ummi, abin lura guda ɗaya ne. Kai za ka je kallon dala, su ma dala suke jira su gani, sai dai tasu tana aljihunka. Ka biyo ta wurina kafin ka tashi in ba ka ƙanana, kada ka fito da 'yar ɗari a gaban mai raƙumi, domin ba a taɓa jin yana da canji ba.

Malam Abu Maryam, Obalende

Hajiya Maman Walida, na karɓi gyara a kan farashi. Amma wanda yake sauka kwana huɗu ya yi sari ya koma filin jirgi bai kai wanda ya shekara shida yana cin koshari tare da mutanen gari sanin halinsu ba. Ba na so 'yan'uwa su tafi da zaton duk Bamisire macuci ne. Waɗanda suka kewaye wuraren baƙi su ne matsalar, kuma hanyarsu ɗaya ce: direba ko jagora yana da la'ada a kan duk abin da ka saya a shagon da ya kai ka, shi ya sa ba ya gajiya da kai ka wurin turare da takardar zane ta gargajiya, wadda sau da yawa ma ta ganyen ayaba ce.

Maman Walida, Ajah

Malam, shekara shidan nan ita ce dalilin da ya sa shawararka ba za ta yi masa aiki ba. Kai kana buɗe baki sun ji Larabcin gida, sai su ba ka farashin ɗan gari. Baban Ummi zai je da babbar riga da iyali huɗu, ba ya jin ko kalma. Wanda aka taɓa yanka shi ya san kaifin wuƙar.

Baban Hanif, Apapa

Tunda an ambaci la'ada, ku bar ni in faɗi abin da ya fi raƙumi ciwo, domin namu ne suke yin sa. Shekara biyu da suka wuce na kai mahaifina aikin ido. Wani ɗan ƙasarmu da ke zaune can, Bahaushe kamar ni, wanda aka haɗa mu da shi tun daga nan Legas, shi ya tarbe mu, ya kama mana gida, ya zama tafintanmu a asibiti. Yana kiran mahaifina Baba, yana riƙe masa takalmi a ƙofar masallaci. Duk abin da likita ya faɗa ta bakinsa muke ji, duk kuɗi ta hannunsa suke bi. Ranar da za a sallame mu, yana waje yana waya, sai ma'aikaciyar ta miƙo mini rasit kai tsaye. Lambobin Larabci na iya karantawa tun makarantar allo. Abin da ke rubuce bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ya karɓa ba. Da na nuna masa, bai ko sunkuyar da kai ba, ya ce haka tsarin yake, kowa da haka yake ci. Kuɗin aikinsa kuma mun riga mun biya shi daban.

Malam Abu Maryam, Obalende

Wannan haramun ne, babu wani tawili. Amma a yi adalci, akwai yaranmu da yawa a can da suke kwana a asibiti da marasa lafiyar da ba su haɗa komai da su ba, ba sa karɓar ko kuɗin mota. Laifin har da namu, da muke miƙa kuɗi ba mu nemi rasit ba saboda kunyar ɗan'uwa.

Abu Sadiƙ, Idi-Araba

Su ma ejan-ejan na nan Legas ai da irin waɗannan suke aiki. Dala 900 ɗin nan, wa ya san nawa ne zai isa hannun direban? Idan an ba shi kaɗan, a jikinku zai fanshe, ta shagon turare.

Baban Ummi, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ejan, ya ce gidan tarihin Tahrir ne a cikin tsarinsa, kuma idan na cire jirgin ruwa dala 50 kawai zai rage. Har yanzu dai ban ji wanda ya taɓa zuwa da dattijuwa ba. Shin ana samun keken tura marasa lafiya a Fusɗaɗ da Giza, ko in saya a nan in tafi da shi? Kuma akwai wanda ya san direba mai amana da za mu yi jinga da shi na yini, ba tare da ya bi da mu shago ba?

Baban Hanif, Apapa

Mai amana aka ce mini shi ma wancan tafintan. Har yau lambarsa tana yawo a hannun mutanen Apapa, kuma a makon jiya na ji an sake haɗa shi da wata baiwar Allah da za ta kai ɗanta aikin ƙashi. Duk wanda ya san danginta a Marine Beach, don Allah ya gaya musu su riƙa karɓar rasit da hannunsu.