Oga ya zagaye min "condone" da jan biro, wace kalma zan sa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu Turanci ku taimaka min don Allah. Makon jiya ina haɗa takardar albashi a ofishinmu na tsallake sunan mutum biyu, aka ba ni takardar tuhuma. Na duba ƙamus a waya ina neman yadda ake cewa "yafe", ya jero min forgive, pardon, excuse da condone. Na ga condone ta fi kama da Turancin manya, sai na rubuta "I beg you to condone my mistake". Yau takardar ta dawo, oga ya zagaye kalmar da jan biro, ya rubuta "never" a gefe. Tun ɗazu gabana ke faɗuwa. Ya ƙi yafe min ke nan? Ranar Litinin zan mayar da amsa.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, ba kai oga ya ƙi ba, kalmar ya ƙi. Condone ba yafiya ba ce. Lamuncewa ce: a ga ana ɓarna a kau da kai, kamar an ce ba komai, a ci gaba. Shi ya sa da wuya ka ji ta ba tare da korewa ba, irin su "we do not condone cheating", wato ba ma lamuntar satar amsa. To kai roƙonsa ka yi ya sa wa sakaci albarka, kuma a rubuce! Wane oga ne zai sa hannu a kan wannan?

Yafewa ta gaskiya ita ce forgive. Ka fara kawo wanda za a yafe wa, sai for, sai aikin da wutsiyar -ing: "forgive me for omitting two names". Ba a cewa "forgive me to omit". In abin ya wuce forgave ne, in da have ko was sai forgiven. Babu forgived, duk da ba zangon karatun da ba na cin karo da ita a takardun ɗalibaina.

Tsohuwar sakatariya: Malam nahawunka daidai ne, amma ni ba zan sa forgive a amsar tuhuma ba. Kalmar zuciya ce, ta wanda ka ɓata wa rai: mahaifiyarka, matarka, amininka, ko in kana roƙon Allah gafara. Oga ba kuka yake so ba. Yaro, rubuta "I apologise for the error", ka faɗi yadda abin ya faru a layi biyu, ka ce an riga an gyara sunayen, in har an gyara. In kana son sassauci, ƙara "kindly overlook this lapse". Kada ka cika shafi da magiya, magiya mai yawa tana sa a zaci akwai wata ɓarnar da ka ɓoye.

Ɗalibin lauya: Hajiya ta gama magana. Ni dai in ja kunne kan pardon: afuwa ce ta mai mulki. Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba shugaban ƙasa wannan iko, kuma irinta Shagari ya yi wa Ojukwu, jagoran Biyafara, a 1982 har ya dawo gida daga gudun hijira. Sunaye biyu a takardar albashi ba su kai nan ba. Sai kuma "pardon?" da ake faɗa in ba a ji magana ba, wannan "na'am?" ce kawai.

Mai shagon littattafai: Excuse kuma ta ƙananan abubuwa ce, atishawa, makarar minti biyar, ko neman hanya. "Excuse me" ai ita ce "gafara dai" tamu. Af, forgive har bashi ana yi da ita, "forgive a debt". Lokacin da Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18 a 2005, kalmar ta sha yawo a jaridu. Masu bashina dai kada su karanta wannan.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, na ɗauki ta Hajiya. Mutum biyun fa da albashinsu ya makara, ɗaya dattijo ne, masinjanmu, ko gaisuwata bai amsa ba jiya.

Tsohuwar sakatariya: Shi kam ba takarda. Tashi ka same shi, ka rusuna ka ce "Baba ka yafe min", da Hausa.