Neman kalma kafin ƙarfe huɗu: ɗinkin da jama'a ke haɗuwa su yi

Mai Shirin Yamma: Salamu alaikum. Ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: collaborative embroidery. Rahoton a kan wani ƙyalle ne na Scotland mai tsawon mita 143, falle 160, wanda mutum wajen 1,000 suka ɗinka da zaren ulu, suka zana tarihin ƙasarsu. An fara baje shi a majalisarsu ta Edinburgh a 2013, yanzu yana garin Galashiels. Ba don kuɗi suka yi ba. Zama suke yi rukuni-rukuni, ana ɗinki, ana hira, ana tuna baya. Me zan kira shi?

Bazazzagiya: Surfanin gayya. Ka wuce wurin.

Ɗan Kurmi: Ɗinkin haɗin gwiwa.

Bazazzagiya: Haba Yaya, sai ka ce yarjejeniyar gwamnoni.

Malamin Nahawu: Ku dakata, Hausa ba ta rasa ɗafi ba. So ya ba mu soyayya, ja ya ba mu jayayya. To ɗinki ya ba mu ƊINKAYYA. Kalma guda, babu jela. Shekara uku ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam, a soyayya kowa na son ɗan'uwansa. A ɗinkayya ke nan kowa na ɗinke ɗan'uwansa?

Malamin Nahawu: A sayayya wa ya sayi wani?

Mai Shirin Yamma: Malam, mai saurarena yana bisa babur, sau ɗaya zai ji ta.

Malamin Nahawu: Da haka kuke kashe harshe. Na Turawa kuna haɗiye shi ko tauna babu, namu sai kun bi shi da tsinke. Situdiyo da ka rubuta, a wane ƙauye ka gaje ta?

Goggon Yara: Ni gayyar ce ba ta kwanta mini ba. In aka ce an yi abu da gayya, ai neman magana ne. Kuma gayyar noma wuni ɗaya ce, a ci tuwo a watse, gonar ta mutum ɗaya. Wannan kuwa na kowa ne, kuma zaman shi ne rabin aikin. Ina yarinya nakan ga yayyenmu a zaure, hula kife a gwiwa, allura a leɓe, mutum shida ba mai cewa uffan har a kira la'asar. Wannan shirun nake so kalmar ta ɗauko.

Bazazzagiya: Goggo, ba kalmar da za ta ɗauki wannan kayan. Ya faɗe shi a jimla ta biyu. Kuma don Allah kada ya ce saƙa. Su Turawan tapestry suke kiransa, wato saƙaƙƙen ƙyalle, alhali aikin allura ne. Haka suka yi wa ƙyallen garin Bayeux a Faransa, mai ba da labarin yaƙin cin Ingila na shekarar 1066. Kada mu gaji kuskurensu.

Ɗan Kurmi: Surfani ma ai na kayan mata ne. Na babbar riga "aiki" muke cewa, aska biyu, aska takwas.

Bazazzagiya: Bakano zai koya wa Zariya aikin riga? Ku dai saye kuke ku sayar.

Ɗan Kurmi: In ba mu saya ba, ku ci allurar.

Mai Shirin Yamma: Saura minti ashirin. Na rubuta "surfanin gayya, wato ɗinkin hannu da jama'a ke zama su yi tare". Goggo ki yi haƙuri.

Goggon Yara: Ka ja "gayya" da kyau dai, kada ta fito kamar tsokana.

Malamin Nahawu: Ban sa hannu ba. Amma in lokaci ya ragu, ka ce wasu masana na kiransa ɗinkayya.

Ɗan Kurmi: Masana nawa, Malam?