An tone wurin ajiye motocin lambu, ta ina zan shiga da tsohuwa?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Mun yi niyyar kai mahaifiyata lambun shaƙatawa ranar Asabar, sai na ji wai an tone wurin ajiye motocin gaba ɗaya ana sabunta shi. Ita kuma tun da gwiwa ta matsa mata a keken guragu muke tura ta, ga yara biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Akwai wanda ya je kwanan nan? Ana shiga kuwa, ko mu haƙura sai an gama?

Maƙwabcin Lambu: Wa alaikumus salam Hajiya. Lambu a buɗe yake, babbar ƙofa ce kawai aka kewaye da kwano. Yanzu ta ƙaramar ƙofar baya ake shiga, sun kuma ware wani fili can gaba kaɗan sun zuba masa tsakuwa don motoci. Sai dai bai kai tsohon girma ba, kafin hantsi ya cika. Ki yi sammako. Roƙona ga kowa kuma, wanda bai samu wuri ba don Allah kada ya zo ya tare ƙofar gidan mutane. Makon jiya sai da muka bi lambun nan lungu-lungu muna cigiyar mai wata mota kafin maƙwabcina ya iya fita da mara lafiya.

Tsohon Direba: Hajiya, kada ki ɗauki Mama ki kai ta filin tsakuwar nan. Ki fara tsayawa bakin ƙofa ki sauke ta da yaran tare da wani babba da zai riƙe su, sannan ki je neman wuri ke kaɗai. In kin samu, ki shiga da baya, yadda in za ki fita gabanki kike kallo. Kuma yara ta ɓangaren gefen titi za su sauka, ba ta ɓangaren da motoci ke wucewa ba. Abu ɗaya zan ƙara, na tuƙa babbar mota shekaru da yawa: direban tifa ba ya ganin abin da ke manne da bayansa ko ƙasan ƙofarsa. In ba kya hango fuskarsa a madubinsa, to shi ma ba ya ganinki. Ki ba su hanya ko da ke ce da gaskiya.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Baba, Allah ya saka. Ƙanena zai raka mu, shi zai tsaya da su.

Mai Tafiya a Keke: Anti, bari in sa baki, don ni kullum a kan keken nake. Tsakuwa ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ƙananan tayoyin gaba ne ke nutsewa, keken ya tsaya cak, wanda ke kai ya tafi gaba kamar zai kife. In kun tarar da ita a hanya, ƙanenki ya taka sandar da ke ƙasan bayan keken ya ɗaga gaban kaɗan, ya tura a kan manyan tayoyi. In wurin da tsawo, ya juya keken ya ja da baya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ya gaya wa Mama kafin ya ɗaga, kada ta firgita.

Sannan ki kira ofishin lambun tun ranar Juma'a ki tambaye su ko akwai matakala a ƙofar bayan. In sun ce sun sa katako, ki tambayi tsawonsa. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce duk tudun santimita 1 a ba shi gangaren santimita 12. Ke nan dakali mai santimita 15 yana son katako mai kusan mita 2. Na taɓa zuwa wani wuri da ake irin wannan aiki, suka jingina guntun katako da bai kai hannu biyu ba suka ce ai ga hanya. Rabin hawa keken ya ɗaga zai juye da ni ta baya, Allah ya sa wani bawan Allah na kusa. Tun ranar ban ƙara yarda da "akwai hanya" ba sai na ji tsawo. Faɗin ƙofa ma ki tambaya, santimita 90 shi ne abin da keke zai wuce ba tare da an goge yatsu ba.

In kuma dole ta sa kika shiga filin da ita, ki nemi wurin da ke can ƙarshen layi. Babu zane a kan tsakuwa, wani zai zo ya manne miki, ki dawo ki rasa inda za ki buɗe ƙofa ki matso da keken. Wurin da ake ware mana a fakin na gaske yana da rarar kusan mita 1.2 a gefe saboda wannan.

Mai Mashin: Ni dai in fili ya cika ƙarƙashin manyan bishiyoyin gefen katanga nake ganin mutane na sa motoci. Ga inuwa, ga kusa da ƙofa. Hajiya ta gwada can mana.

Mai Renon Itatuwa: A'a ɗan'uwa, don Allah kada mu ba da wannan shawarar. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutane na zaton saiwar bishiya can ƙasa take tafiya kamar rijiya. Mafi yawanta a saman ƙasa take, cikin santimita 60 na farko, kuma tana bazuwa har ta wuce inda rassa suka tsaya. Ƙananan jijiyoyin nan masu kama da gashi su ke shan ruwa, kuma numfashi suke yi ta 'yan kafofin da ke tsakanin ƙasa. Mota ƙarama ta fi tan ɗaya. In ta hau yau, wata ta hau gobe, ƙasa ta daddale kamar daɓe, ruwa ya riƙa gudu ta sama, iska ta daina shiga. Abin baƙin cikin shi ne bishiyar ba za ta nuna a wannan shekarar ba. Sai bayan shekara biyu ko uku ka ga ganye ya ƙanƙance, rassan sama sun fara bushewa, a ce ai tsufa ne. Fakin wata nawa ne za a gama, amma bishiyar da ta kai girman waɗancan ta girmi yawancinmu a zauren nan. In ƙasa na da danshi ma abin ya fi muni, lokacin ne take saurin danƙarewa. Gara mutum ya ajiye nesa ya tako. Mita 800 tafiyar minti 10 ce ga mai lafiya.

Mai Mashin: Wallahi ban san haka ba Malam. Na janye. To amma mota a rana fa, ga yara?

Malamar Jinya: Motar ta sha ranarta, a sa mata abin tare gilashi. Abin da ba a yi shi ne barin yaro ko tsoho a ciki a ce bari in leƙa in ga ko akwai layi. Cikin minti 10 zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da kusan digiri 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hanawa. Hajiya, ki tafi da ruwa, sannan in Mama na da tari ko asma a sa mata takunkumi wajen wucewa, ƙurar tono ba ta da kyau.

Maman 'Yan Biyu: Tana ɗan tari kuwa. Na rubuta. Injiniya, kana nan? Wai irin wannan aiki yaushe ake gamawa? Wata ta ce mini ta ga har sun fara zuba baƙar kwalta a gefe ɗaya.

Injiniya: Ina nan Hajiya. Ganin baƙi ba ya nufin an gama. Aikin da ya fi cin lokaci a ƙasa yake: a kwashe tsohuwar kwalta, a gyara magudanun ruwa, a zuba ƙasa da dakakken dutse hawa-hawa, kowane hawa rola ta bi ta danne. In ruwan sama ya sauka a tsakani sai an jira ya tsane. Kwaltar kanta da zafin kusan digiri 150 ake shimfiɗa ta, a bar ta kwana biyu ko uku kafin mota ta hau, sannan a zo zanen layuka. Inda aka zuba kankare kuwa, kamar dakalin gefe da gangaren keke, sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake buƙata. Shi ya sa za ki ga wuri fes amma igiya na ɗaure. Kada wanda ya ɗage ta. Ranar da aka buɗe kuma, a daina murɗa sitiyari mota na tsaye, yana kwarzane sabuwar kwalta. Mai Mashin, kai ma ka riƙa yawo da guntun katako ka sa ƙarƙashin ƙafar mashin ɗinka, in rana ta yi zafi nutsewa take yi ya faɗi.

Maƙwabcin Lambu: Wanda ba shi da tsoho ko kaya ma ya bar motar a gida ya hau ta haya, a rage wa masu lalura cunkoso.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a mun je mun dawo lafiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun isa ana buɗewa, na sauke su bakin ƙofa kamar yadda Baba ya ce. Babu matakala, amma daga titi zuwa ƙofar akwai tsakuwa kamar taku ashirin, da baya ƙanena ya ja keken, Mama ko gezau. Ta zauna gindin furanni har wajen azahar ba ta son tashi. Na yi wa mai gadin maganar su shimfiɗa faranti ko katako a kan tsakuwar nan, ya ce in rubuta a kai ofis. Na rubuta na bar musu. Wanda zai je wannan makon don Allah ya duba mana ko sun sa.

Mai Tafiya a Keke: Zan je Laraba in sha Allah, Anti. Zan tafi da tef ɗin awo in auna ƙofar ma.