Banyamulenge, Ruwanda da Haɗin Kan Kongo: Abin da Muka Tattaro

Mun daɗe muna musu kan rikicin gabashin Kongo, musamman tun da 'yan tawayen M23, waɗanda ake zargin Ruwanda na mara wa baya da soja, suka kama birnin Goma a watan Janairun 2025. Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce gwamnatin Kongo da ke Kinshasa ta fara gyara cikin gidanta. Masu wannan ra'ayi sun tuna da dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 a zamanin tsohon shugaban ƙasar, Mobutu, wadda ta jefa Banyamulenge ('yan ƙabilar Tutsi na gabashin Kongo) da sauran masu jin Kinyarwanda (harshen Ruwanda) cikin shakku kan asalinsu. Wanda kullum ake ce masa baƙo a garin da kakanninsa suka haife shi, ai ba wuya maƙwabci ya saye zuciyarsa.

Wasu kuwa suka ce a daina ba Ruwanda uzuri. Kukan tsiraru gaskiya ne, amma ba shi ya halatta tura soja ƙasar wani ba. Ni ma nan na tsaya.

An kuma nemi a kwance wa mayaƙan FDLR ('yan tawayen Hutu 'yan asalin Ruwanda da ke gabashin Kongo) ɗamara, a hukunta masu furta kalaman ƙiyayya a rediyo da Facebook, sannan a bi diddigin ma'adinan garin Rubaya na gabashin Kongo da ake tsallakawa da su iyaka.