Wa ke da laifi, mai gyara ko mai kwamfuta?

Bello Mabera: Jama'a ku yi mani hukunci. Na kai kwamfutata wurin wani injiniya ya cire Windows 10 ya sa 11, tunda Microsoft ta daina kula da 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Na gaya mashi akwai Ubuntu, wani nau'in Linux, cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata kwamfuta cikin kwamfuta, aikin makarantata duk yana ciki. Foldar Snapshots kaɗai ya kwafa a filasha, ya share diski. Yanzu ba abin da ke buɗewa. Wallahi masu gyaran garin ga ba su san aikinsu ba.

Nura: Subhanallah. Snapshot ba ajiya ba ce, canje-canjen da anka yi bisa uwar diski kaɗai take riƙewa, in babu fayil ɗin .vdi na asali, wato uwar diskin, ba ta da amfani. Kamata ya yi a kashe injin Ubuntu ɗin da ke cikin VirtualBox gaba ɗaya, a kwafe foldarsa duka daga VirtualBox VMs, har da fayil ɗin saitinsa .vbox, in an gama sa Windows a buɗe VirtualBox a danna Add. Ko a fitar da shi a fayil guda na OVA. Ina zaton filashar mai tsarin FAT32 ce, ba ta karɓar fayil da ya wuce 4GB, shi ya sa ya tsallake babban.

Injiniya Sani: Dakata. Wane ne injiniyan? Mai rumfa da sukundireba? Sai mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ake kira injiniya.

Abu Runjin Sambo: To ga su nan. Yallaɓai, da taka kwamfutar ta mutu bara, COREN ka kai wa ko rumfarmu?

Injiniya Sani: Yaro, shekara biyar na yi a jami'a.

Abu Runjin Sambo: Mu kuma hannu munka sa. Takarda ba ta kwance madabo, wato babban allon cikin kwamfuta.

Hadiza: Ni dai da Linux ya sa kai tsaye da duk wanga bai faru ba.

Abu Runjin Sambo: Malama, ke da ko firinta ba ki iya haɗawa da Linux ɗin taki?

Hadiza: Wa ya gaya maka? Ka iya bakinka.

Nura: Bello, daina amfani da kwamfutar yanzu. Duk abin da ka sauke yana iya hawa bisa gurbin tsohon fayil ɗin.

Injiniya Sani: Ina jiran a janye kalmar nan ta injiniya.

Bello Mabera: Ni fa aikina nake tambaya!

Malam Garba, shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da munka fahimta: mai kaya shi ke da alhakin ajiye kayansa kafin ya kai gyara, kuma ƙwarewa ba a takarda take ba, kamar yadda Abu ya nuna. Bello ya nemi afuwar masu gyara bisa kuɗin goron da ya yi muna. Mai son a sa mashi Windows 11 ya same ni shago bayan La'asar.